Darasi na 12: Yinin tafiya a ƙafa cikin kwazazzabo da gulbi

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, kowane ɗalibi zai iya:
1. faɗin inda gandun dajin W yake da dalilin da ya sa ake kare shi;
2. lissafin lokaci da ruwan sha na tafiyar yini ɗaya;
3. gane alamun ambaliya da na bugun rana, da sanin abin yi in maciji ya sari mutum;
4. bayyana haƙƙin daji a kan wanda ya ratsa shi.

Mu fara da abin da muka sani

Kafin a soma karatu, malami ya bar ɗalibai su amsa da baki. Wace tafiya ce mafi nisa da ka taɓa yi a ƙafa cikin yini ɗaya? Me ka ɗauka? A garinku, wa ake tambaya in ana son sanin ko gulbi zai kawo ruwa?

Karatu na ɗaya: Inda ruwa ya tsaga dutse

Mutumin Agye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji ba baƙon tafiyar ƙafa ba ne. A ƙafa ake cin kasuwar ƙauye, a ƙafa ake bin dabbobi kiwo, a ƙafa mata ke shiga daji neman itace da kaba. Sai dai ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa da fadama, inda ake hango gawo tun daga nesa, kuma in hadari ya haɗo a gabas kowa na ganinsa. Kwazazzabo ya sha bamban da haka. Hanya ce mai zurfi da ruwa ya sassaƙa cikin dutse a tsawon dubban shekaru. Wanda ya shiga cikinsa, bango ne a damarsa, bango a hagunsa, sama kuwa ɗan siririn tsiri kawai yake gani bisa kansa.

A Nijar, akwai sanannun kwazazzabai biyu cikin gandun dajin W, a jihar Tillaberi, kudu maso yammacin ƙasa: na kogin Tapoa da na kogin Mekru. An kafa wannan gandu a shekarar 1954. Ɓangaren Nijar ya kai hekta dubu 220, dajin kuma ya zarce har cikin Benin da Burkina Faso. Sunansa ya fito daga lanƙwasar da kogin Kwara ya yi a wurin, wadda in an dube ta a taswira take kama da harafin W. A 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da duniya ta gada, a 2017 kuma aka haɗa shi da gandun Arli na Burkina Faso da na Panjari a Benin, suka zama yanki guda a wannan jerin.

Daga Yamai ana bin hanyar Say da Tamu, kusan kilomita 150, kafin a isa Tapoa, ƙofar gandun. Kogin Tapoa daga Burkina Faso ya fito, kuma shi ne iyakar gandun ta arewa. Mekru daga duwatsun Atakora na Benin ya gangaro, kuma shi ne iyakar Nijar da Benin a wannan yanki, kamar yadda kotun duniya ta Hague ta tabbatar a 2005. Duk su biyun da damina suke gudu. Da rani sai su yanke, su bar tafkuna a gindin duwatsu, inda inuwa ke hana ruwa saurin ƙafewa.

Waɗannan tafkuna su ne ran dajin. In bazara ta matsa, ciyawa ta bushe, nan giwa da ɓauna da gwanki da mariya da gadu ke zuwa sha. Gwaggon biri na zaune bisa duwatsu yana kallon mai wucewa. Kada na kwance a bakin ruwa. Inda namun daji ke taruwa, nan zaki ma ke kewayawa. An ƙidaya irin tsuntsaye fiye da 350 a gandun. A bakin ruwa akwai giyayya da kanya da marke da tsamiya, a kan tudu kuwa ana tarar da kukoki a cunkushe, alamar kufan garuruwa. Masu binciken tarihi sun tsinci kayan aiki na dutse a kwarin Mekru, shaidar cewa ɗan Adam ya zauna a nan tun zamani mai nisa ƙwarai.

Dokar gandun ita ce ba a shiga sai da izini, kuma ba a sauka a yi tafiyar ƙafa sai da jagora. A ƴan shekarun nan ƴan bindiga sun shiga yankin, an kai wa masu tsaron daji hari, ziyara ta tsaya. Kada kowa ya kama hanyar can sai hukuma ta ce an buɗe. Muna karanta labarin Tapoa ne don wuri ne namu da ya kamata kowane ɗan ƙasa ya sani, kuma don abin da jagora ke koya wa baƙo a can yana da amfani a gulbin da ke bayan gidanmu.

Karatu na biyu: Gulaben da ke kusa da mu

Jihar Maraɗi ba ta da kwazazzabon dutse irin na Tapoa, amma tana da kwaruruka manya. Gulbin Maraɗi daga Najeriya ya fito, ya shigo ta gundumar Madarunfa, ya bi ta gindin birnin Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Gulbin Kaba ya ratso ta wajen Gazawa, ya yi arewa ta ƙasar Tasawa da Mayahi, ya karkata yamma. Shi tsohon kwari ne, ruwa ba ya gudu a cikinsa kamar dā, amma yana kusa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa goruba ta samu wurin zama. Ban da su akwai ƙoramu da zaizayar ruwa ta haƙa a gefen gonaki, wasu zurfinsu ya fi tsayin mutum.

Wanda ya ga gulbi da rani, rairayi fari fat, yara na wasa a ciki, amalanke na ratsawa, zai iya raina shi. Dattawan Maraɗi ba su raina shi. A 1945 ruwan gulbi ya cinye tsohon garin da ke cikin fadama, dole aka tashi aka hau tudu, inda birnin yake a yau. Ruwan da ke cika gulbin Maraɗi yawancinsa ba a kanmu yake zuba ba. A ƙasar Katsina yake sauka, ya bi ta Jibiya, inda aka gina madatsar ruwa, ya iso mana ko da a nan rana ake ƙwallawa.

Wannan shi ne babban abin da darasin yau ke son ku riƙe. Kwari ba ya aiki da abin da ido ke gani a wurin da kake tsaye kaɗai. Yana aiki da abin da ya faru can nesa, da abin da zai faru bayan awa uku. Mai shiga cikinsa sai ya gama lissafinsa tun yana gida.

Karatu na uku: Lokaci da ruwan sha

Tafiyar yini ɗaya ma'anarta a fita da safe, a dawo kafin duhu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne na ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa. Da damina kuwa ba a shiga kwari mai zurfi sam.

A ƙasa mai tauri, babban mutum mai lafiya yakan yi kamar kilomita 4 a awa ɗaya. A rairayin gulbi ƙafa na nutsewa, da ƙyar a yi 3. A cikin duwatsu, inda ake hawa ana sauka ana dafawa da hannu, kilomita 2 ma an yi ƙoƙari. Ayari kuma da saurin wanda ya fi kowa rauni yake tafiya. In akwai tsoho ko yaro, da ƙafarsa za a auna.

Akwai tarko guda da kwazazzabo ke ɗana wa mutum. Mai hawan tudu yakan sha wahalar da fari, yana da ƙarfinsa, ya dawo da gangara. Mai shiga kwazazzabo da gangara yake farawa, da sanyin safiya, jiki na daɗi, sai ya yi ta nisa. Hawan yana jiransa a ƙarshe, lokacin da rana ta take, ruwa ya ragu, gwiwa ta mutu. A babban kwazazzabon Amurka da ake kira Grand Canyon, mai zurfin kusan mita 1,800, hukumar gandun na gargaɗin baƙi cewa hawa yakan ci ninki biyu na lokacin sauka, kuma su guji tafiya tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma a lokacin zafi. Ƙasan kwari ya fi samansa zafi, domin iska ba ta ratsawa sosai, dutse kuma yana shan rana yana mayarwa.

Saboda haka, tun kafin a fita a yanke lokacin juyowa. In an ce ƙarfe tara za a juyo, to ƙarfe tara ne, ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba. Wurin ba ya gudu, gobe ma rana ce.

Game da ruwa, mai tafiya cikin zafi yana buƙatar aƙalla rabin lita a kowace awa, in rana ta yi tsanani har lita ɗaya. A kasa ruwan kashi uku: kashi ɗaya na zuwa, kashi ɗaya na dawowa, kashi ɗaya ajiya, saboda ɓata ko targaɗe. In kashin farko ya ƙare, lokacin juyowa ya yi ke nan. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun ƙishirwa ba ta kama ba. Fitsari shi ne ma'auni: in ya yi kaɗan kuma ya yi ja, jiki na neman ruwa.

Gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishiri. Shi ya sa guzuri irin namu ya dace da hanya: fura, ƙuli-ƙuli, gyaɗa mai gishiri, dabino, kilishi. A sa ƙunshin gishiri da sukari na likita a aljihu. In babu, ana haɗawa a gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ruwan tafkin da aka tarar a hanya, komai kyansa a ido, ba a shansa sai an tace da ƙyalle an tafasa, ko an sa masa ƙwayar tsabtace ruwa. Ba a kuma shiga wanka a ciki. Kwantaccen ruwa shi ne gidan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya, a Tapoa da Mekru kuwa har da kada.

Sauran kayan hanya ba su da yawa: malfa ko rawani, riga mai dogon hannu mara nauyi, takalmi rufaffe saboda ƙarangiya da ƙaya da kunama, sanda, wuƙa, ashana, tocila, da salula mai caji. A sani cewa a ƙasan kwari sau da yawa ba a samun layi. Abin da ya fi salula shi ne a bar sallahu a gida: ga inda za mu, ga waɗanda muke tare, ga lokacin da za mu dawo.

Hira: Kawu da ɗan ƙanwarsa

Ɗalibai biyu su karanta wannan a bayyane.

Yaro: Kawu, barka da hutawa. Gobe in Allah ya kai mu, ni da abokaina muna son mu bi gulbi har rijiyar makiyaya.
Kawu: Madalla. Ku nawa ne?
Yaro: Mu huɗu ne, kawu.
Kawu: To, hakan ya yi. In ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, biyu su zo neman taimako. Kun gaya wa mai gari?
Yaro: Har sai an gaya masa? Ai kusa ne.
Kawu: Ɗana, kusa a baki ne. Shi ke jin labarin da kai ba ka ji. In an ga baƙin fuska a dajin, ko an ce ruwa ya sauka kudu, wurinsa ake fara kawowa. Yaushe za ku juyo?
Yaro: In mun gaji.
Kawu: A'a. Wanda ya bari sai ya gaji, da wace ƙafa zai dawo? Ku fita bayan asuba, hantsi na ɗagawa ku juyo. In an kira azahar ban gan ku ba, zan ɗaura wa jaki sirdi in biyo sawu.
Yaro: To, kawu. Allah ya ƙara girma.
Kawu: Amin. Allah ya kiyaye hanya.

Karatu na huɗu: Ruwan da ba ka ga hadarinsa ba

Ku dubi soron gida da damina. Ruwan da ya zuba a kan rufin duka, ta indararo ɗaya yake fita, shi ya sa yake fitowa da ƙarfi. Haka kwazazzabo yake ga ƙasar da ke kewaye da shi. Ruwan da ya sauka a kan tuddai da fako masu faɗin gaske, wanda ƙasa ba ta shanye ba, duk nan yake taruwa, ya biyo matsatsiyar hanya lokaci guda, ɗauke da laka da duwatsu da kututture. Wanda ke ciki bai ga hadarin ba, domin bango ya tare masa sama.

A ranar 1 ga Satumba 2019, irin wannan ruwa ya kashe mutum bakwai, har da jagoransu, a kwazazzabon gandun dajin Hell's Gate na ƙasar Kenya. A watan Agusta 2018 mutum goma suka rasu haka a kwazazzabon Raganello na Italiya. Duk wurare ne na yawon buɗe ido da aka saba shiga. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga alamun da ake lura da su:
- tsawa ko walƙiya a sashen da kwarin ya fito, ko da nesa ne;
- ruwan da ke gudu ya sauya launi, ya yi ja ko ya yi kauri;
- kara da ganye da kumfa sun fara biyo ruwa;
- wani rugugi daga sama da kwarin, wanda ke ƙaruwa ba ya tsayawa.

In an ga ɗaya daga cikinsu, a hau gefe nan take, a bar kaya in sun yi nauyi. Ba a gudu a bi tsawon kwarin, domin ruwan ya fi mutum sauri. Tun ana tafiya a riƙa duban bango ana lura da inda za a iya hawa. A dubi kuma rassan itatuwa: inda aka ga busasshiyar ciyawa da leda sun maƙale sama da kai, nan ruwan bara ya kai. Ba a yada zango a ƙasa da wannan shaida.

Ruwa mai gudu da ƙarfi, ko iyakarsa ƙwauri, yana iya kayar da babban mutum. In ya kai gwiwa, ba a ƙetarewa. A zauna a jira, ruwan ƙorama yakan janye bayan ƴan awoyi. Gara a kwana a ƙetare da yunwa da a kai wa iyali mummunan labari.

Karatu na biyar: Rana, maciji da namun daji

Wahalar rana tana da hawa biyu. A na farko mutum na zuba gumi, kansa na ciwo, jiri na ɗibarsa, jijiyoyin ƙafa na ɗaurewa, zuciyarsa na tashi. A kai shi inuwa, a kwantar da shi, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Tafiya ta ƙare ke nan a wannan rana. Hawa na biyu shi ne mai kisa: jiki ya yi zafi rau, magana ta rikice, mutum na tangaɗi ko ya suma. A jiƙa shi da ruwa sharkaf, a yi ta masa fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki.

Macijin da ya fi yin ɓarna a yankinmu shi ne kububuwa. Ƙarama ce, launinta na sajewa da ƙasa, tana fakewa ƙarƙashin dutse da tarin kara, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. Akwai kasa, wadda ba ta gudu in ta ji motsi, akwai kuma gamsheƙa. Kada a zura hannu cikin rami ko tsagar dutse. A bubbuga ciyawa da sanda kafin a taka. In an zo gungume, a hau kansa a duba, sannan a sauka.

In sara ya auku, a janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da munduwa da takalmi kafin kumburi. A ɗaura wa ƙafar ko hannun sanda don kada ya motsa, a ɗauke shi, kada ya taka. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya tamau, ba a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Allurar kashe dafi ita ce magani, a asibiti take, kuma kowace awa da aka ɓata tana ƙara haɗari. Saran kububuwa yakan yaudari mutane, domin mai ciwon na iya zama kamar lafiya lau da fari, jini ya ɓalle daga baya. Ko ya ce ya ji sauƙi, a kai shi.

A gandun daji irin W, bakin tafki da sassafe da kuma yamma na dabbobi ne. Ba a shiga tsakanin giwa da ɗanta, ko tsakanin dorina da ruwa. Ba a ba biri abinci. Ana tafiya a layi bayan jagora, murya ƙasa-ƙasa, in ya tsaya kowa ya tsaya. Shi ke karanta sawu da kashi da karyayyen reshe, ya san ko dabbar ta wuce jiya ko yanzun nan.

A gundumar Gidan Rumji da ta Madarunfa, musamman kusa da iyaka da wajen dajin Baban Rafi, akwai wani haɗarin da ya fi na dabba, wato ɓarayin shanu da masu satar mutane. Kafin a nufi kowane daji a tambayi mai gari, da ma'aikatan gandun daji, da jandarma. In sun ce a dakata, a dakata.

Karatu na shida: Haƙƙin daji

Mutanen Agye ba sa buƙatar a koya musu darajar itace. A gonakinsu, a garuruwa irin Ɗan Saga, aka ga yadda sassaben zamani ke mayar da ƙasa: manomi ya bar tohon kututture, ya zaɓi rassa masu ƙarfi ya rage sauran, gari kuma ya kafa kwamitin da ke tsare su daga masu sara. Da haka gawo da kalgo da sabara da aduwa suka dawo gonakin da suka zama fili bayan farin shekarun 1970 da 1980, har baƙi daga wasu ƙasashe ke zuwa koyo. Gandun Ɗan Kada Dodo da na Ɗan Gado suna cikin ƙasar Agye. A arewa, cikin yankin Dakoro, akwai gandun Gadabeji da aka keɓe a 1955, inda aka kai raƙuman dawa daga Kure a 2018.

Wanda ya san wahalar renon itace guda a gonarsa, shi ya fi cancanta ya kiyaye na daji. Mai tafiya ya dawo da ledarsa da gwangwaninsa, domin leda na kashe dabbar da ta haɗiye ta. In ya hura wuta, ya kashe ta da ƙasa har sai ya taɓa tokar ya ji sanyi. Guntun taba ɗaya da kaka ya isa ya cinye makiyayar gari. Kada ya yi bayan gida kusa da ruwa, ya nisanta, ya haƙa, ya rufe. Kada ya yanke zuciyar ƙaramar goruba, kada ya kwashe ƙwan tsuntsu, kada ya ɗauke dutse ko kaskon da ya tsinta a kufai. Dokar farauta ta 1998 da dokar daji ta 2004 sun tanadi hukunci ga mai ɓarna, amma ma'aikacin gandun daji ba ya ko'ina. A mafi yawan wurare, mai tsaron dajin shi ne wanda ke tafe cikinsa.

Lissafi

1. Mutum huɗu za su yi tafiyar awa 5. Kowanne na buƙatar rabin lita a awa. Lita nawa za su sha gaba ɗaya? In jarka ɗaya na cin lita 5, jarka nawa ke nan, ban da ajiya?
2. Kana da lita 6. Ka kasa ta kashi uku. Lita nawa za ka sha kafin ka juyo?
3. Ayari ya fita ƙarfe 7, yana yin kilomita 3 a awa cikin rairayi, ya juyo ƙarfe 9. Kilomita nawa ya yi daga gari?
4. Sauka cikin kwazazzabo ta ci minti 45. In hawa na cin ninki biyu, minti nawa ne sauka da hawa?

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙasashe uku ne suka haɗa gandun dajin W?
2. Me ya sa namun daji ke taruwa a kwazazzabon Tapoa da rani?
3. Ta yaya gulbin Maraɗi ke kawo ruwa alhali ba a yi ruwa a garinku ba?
4. Kawo alamu uku na ambaliya.
5. Faɗi abu uku da ba a yi wa wanda maciji ya sara.
6. Me ya sa kawu ya ce a sanar da mai gari?

Rubutu

Rubuta sallahun da za ka bari a gida, cikin jimla huɗu: inda za ka, da wa, abin da kuka ɗauka, da lokacin dawowa.

Aikin rukuni

Ku kasu biyar-biyar. Kowane rukuni ya nemi dattijo ɗaya, ko makiyayi, ko mace mai sana'ar kaba, wanda ya san gulbi ko ƙoramar da ta fi kusa da garinku. Ku zana taswirarta a babbar takarda. Ku nuna mashigai, da rijiyoyi, da manyan itatuwan inuwa da sunayensu, da inda ake iya hawa gefe in ruwa ya taho, da inda ruwa ya taɓa cin mutum ko dabba, da asibitin da ya fi kusa. A zama na gaba za a haɗa taswirorin a gyara, a liƙa ɗaya a aji, a kai ɗaya gidan mai gari kafin damina ta faɗi.